Farantin da Ke Korar Ruwa

Kawasaki, Satumba

Yaya Kinue,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Kaka. Ya gwiwarta? Ya shanyar kifi? Ni lafiya ƙalau, sai 'yar ƙuna da na samu a wuyan hannu, ita ma ta bushe. Busasshen kifi mai tashi da kika cusa mini a jaka bai je ko'ina ba, 'yan ɗakinmu sun gano inda na ɓoye shi.

Ga farantin Kaka na dawo da shi, yana naɗe cikin tawul. Ki ba ta haƙuri, na san na daɗe da shi. Na kuma san tun da na taho da shi bayan bikin magabata, murfin tukunya take jinginawa a akwatin mamata, inda take ajiye musu shinkafa da turare, tana mita. Amma ke ma kin ga yadda ya koma. Tururin shinkafa kullum safiya, ga iskar teku a tsibirinmu, tagullar ta yi kore kamar gansakuka, yatsun Kaka kuma ba sa iya murza. Da Baba ne ke goge shi da hannun riga kafin ya fita kamun kifi. Tun da teku ta riƙe shi, shekara biyu ke nan, ba wanda ya ɗauki wannan aikin.

Kin tambaye ni wane irin aiki ne wannan da ba a taɓa ƙarfe da hannu. Da baki ba zan iya ba, kin san i'inata, kafin in kai ƙarshe kin tashi kin bar ni. A takarda kuwa ba mai katse ni.

Bututun jan ƙarfe muke yi wa shafi. Ana kai su inda ake dafa ruwan teku a mai da shi ruwan sha. In an tafasa, tururi ya tashi ya bar gishirin a ƙasa, don tururi ba ya ɗaukar gishiri ko ƙwaya ɗaya. Sai ya tarar da bututu mai sanyi, ya sauka a kansa, ya ba shi zafinsa, ya koma ruwa. To a nan wahalar take. Bututun da ba a yi wa komai ba, ruwan shimfiɗuwa yake yi a jikinsa kamar jiƙaƙƙiyar riga, ya rufe shi ruf. Tururin da ke zuwa a baya sai ya tarar da rigar nan tsakaninsa da ƙarfe, zafin ya dinga ratsawa da ƙyar. Wanda muka shafa kuwa, ruwa ba ya samun wurin zama. Dunƙulewa yake yi kamar raɓa a ganyen gwaza, ya gangara, ya kwashi 'yan'uwansa a hanya, ya bar ƙarfe tsirara ga mai zuwa. Shi ya sa yake shan tururi ninkin ba ninkin.

Muna da tukunya mai tagar gilashi, a nan ake gwadawa. Aikina in wanke, in goge, in sa safar hannu in ɗauka, sannan in zauna gaban tagar in nemo inda shafin bai kama ba. Maigida Kuroda, shugabanmu a wurin aiki, ya ce, "Kowa ka ajiye a nan sai ya fara hamma. Wannan ɗan tsibirin kuwa, in ka manta da shi sai ya yi saiwa." Ban ji haushi ba. Abin da ban gaya masa ba shi ne, in na daɗe ina kallo sai in ga kamar ɗigon nan sun san inda za su. Babba ya tsaya yana rawar jiki, ƙanana su taru gare shi, sai kawai ya tafi, kamar an kira sunansa.

Na roƙe shi ya bari in sa farantin cikin kayan ranar. Ya jujjuya shi ya ce, "Na mamata ne? Kai ka sani, ni masu rai nake wa aiki." Amma ya bari. Na wanke shi da asid, na goge har na ga fuskata, aka shafa, aka gasa. Launinsa bai canja ba. Na kara shi a bakin butar shayi na gani da idona. Daga yau ruwa ba zai ƙara kwana a kansa ba. Duk abin da ya sauka a jiƙe, nan take zai sallame shi. Kaka ta huta.

Ki gaishe ta, ki ce ta dinga sa safa.

Ƙanenki,
Genta


Tobishima, Oktoba

Genta,

Takardarka ta iso tare da faranti. Muna gaishe ka. Ni lafiya. Ƙunar nan ka dinga sa mata magani, na san ka, ko hannun ne ya cire cewa za ka yi 'yar ƙuna ce.

Kaka kuwa ba zan ce lafiya ba, kuma kai ka jawo.

Ranar da ya iso ta yi murna. Ta ɗaga shi wajen haske ta ce, "Ashe yaron nan yana da amfani." Da safe na zuba shinkafa da zafinta a ƙaramin kwano, ta kunna turare, ta kaɗa ƙararrawa, ta jingina farantin bayan kwanon, muka zauna jira. Ka san yadda ake yi tun muna yara. Tururi ya rufe fuskar farantin har ta dushe, a jira ta washe, Kaka ta ce, "Sun ci," ta ɗauki kwanon ta cinye ragowar mamata, sannan kowa ya ci nasa. Ko Baba, da abokan jirgi ke jiransa a bakin ruwa, bai taɓa kai loma ba sai farantin ya washe.

To bai dushe ba. Wasu 'yan ƙwayoyi suka fito, suka kumbura, sai ɗaya ya gangaro. Sai wani a gefensa. Layi biyu daga sama har ƙasa. Genta, ka san ba ni da camfi, amma da idona na gani. Fuska ce ke kuka, babu wani suna da za ka ba abin.

Kaka ta ce, "Bai ci ba."

Na ce, "Kaka, shafi ne, Genta ya yi bayani."

Ta ce in karanta mata. Ni kuma da wautata na karanta duka, har inda ka ce duk abin da ya sauka a jiƙe nan take zai sallame shi. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Sai ta ce:

"Kakanku a kan tabarma ya mutu. Uwarku a asibitin Sakata. Waɗannan a bushe suke zuwa. Ubanku Iwao fa? Ina yake kwance? Da me zai zo in ba da ruwa ba? Ɗan cikinsa ya shafa wa ƙofa maganin korar jiƙaƙƙe."

Tun ranar ba ta sa ƙwayar shinkafa a baki ba. Ta ce ba za ta ci ɗanta na tsaye da yunwa ba. Ruwan zafi take sha, wani lokaci ɗan romo in na yi mata dabara na ce magani ne.

Na ce a mai da murfin tukunya. Ta ce, "Murfi aro ne. Ya yi haƙuri da shi don na ce masa farantinsa ya tafi wanki. Yanzu ya dawo, ya ga abin da aka yi masa." Na ɗebo toka zan kankare, ta damƙe mini hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce, "Kada ki taɓa shi yana kuka." Malamin haikali ya zo ya yi karatu, ya sha shayi, ya ce mamata ba sa fushi saboda tagulla. Ta dube shi ta ce, "Kai ka haife shi?" Ya nemi takalminsa.

Kullum safiya sai mun dafa, mun zuba, mun zauna mun kalli farantinka yana zubar da hawaye. Ka rubuto abin da zan karanta mata, sarkin kallon ruwa. Ka yi sauri, teku ta fara ɓaci.

Yayarka da ba ta yi fushi ba tukuna,
Kinue


Kawasaki, Oktoba

Yaya Kinue,

Ina gaishe ku. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Hannuna ya warke, kada ki damu da shi.

Kada ki sa toka, fuskar kawai za ki karce, shafin ba zai fita ba sai da wuta. Ban yi tunanin dushewar nan ba ko kaɗan. Na girma ina kallonta kullum safiya, amma da na tsaya gaban tukunyarmu sai na manta cewa a gidanmu jiƙaƙƙiyar rigar ake so.

Daga nan zuwa ƙasa na Kaka ne. Ki karanta a hankali, kusa da kunnenta mai kyau.

Kaka, ni ne Genta. Ina gaishe ki. Ban kori Baba ba, kuma farantin bai kore shi ba. Na samo guntayen tagulla biyu a wurin aiki, ɗaya shafaffe, ɗaya haka nan. Na roƙi matar da ke mana girki kwano biyu na shinkafa mai zafi, na jingina su a baya yadda kike yi, na tara 'yan kofuna a ƙasa. Matar ta tsaya a kaina ta ce, "Ɗan tsibiri, mutum nawa suka mutu maka da safen nan?" Ban kula ta ba. Da tururi ya ƙare na duba. Kofin da ke ƙarƙashin shafaffen ya fi ruwa, bayansa kuma ya fi saurin ɗaukar ɗumi. Na sake yi washegari, haka ya sake fitowa.

Kaka, ke kika koya mana cewa tururi ne abincinsu. To wannan farantin ya fi na da karɓar tururi. Na da yakan ƙoshi da wuri ya rufe baki. Wannan ci yake yi, ya haɗiye, ya sake buɗe baki. Kin tuna yadda Baba ke shan romon kifi da zafinsa, zufa na tsiyaya har haɓa, kina cewa ya yi a hankali ba wanda zai ƙwace? Abin da kike gani ke nan. Mutumin da ya kwana cikin ruwan sanyi ne ya samu abinci mai zafi. Ki ci abinci, Kaka. In kin ƙi ci, wa zai kaɗa masa ƙararrawa?

Yaya, in wannan bai yi ba, ki lallaɓa ta ki aiko da farantin in ƙone shafin, ko da launinsa zai ɓaci. Ina jiran amsa.

Genta


Tobishima, Nuwamba

Genta,

Muna nan. Ba zan ce lafiya ba.

Shiru kake ji. Na san jirgin wasiƙu bai ƙetaro ba tun da iska ta juya, amma akwai waya a ofishin ƙungiyar masunta, kuma ba a cire maka harshe ba, nauyi kawai gare shi. Wannan takardar wani maƙwabci zan ba wa, zai yi kasadar ƙetarewa da matarsa mai naƙuda. Ban san yaushe za ta same ka ba.

Kaka ba ta iya zama sai na tallafe ta. Na shimfiɗa mata a ɗakin akwatin don ta ƙi barinsa. Wuyan hannunta ya koma kamar tsinken cin abinci. Malamar asibiti ta zo ta yi mata allura, ta ja ni waje ta ce in aka ci gaba a haka ba za ta ga sabuwar shekara ba. Da safe in ɗigon ya fara sauka a kan katako, tik, tik, sai ta ce, "Kin ji? Haka rigar ruwansa ke yi in ya tsaya a bakin ƙofa." Kuma Genta, haka take yi.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu.

Kwanakin baya na lura da wani wuri a tsakiyar farantin, bai fi bakin kofi ba, inda ruwa ba ya gangarawa. Dushewa yake yi irin ta da. Na ce a raina, madalla, aikin ƙanena ya fara lalacewa. Washegari ya ƙara faɗi. Sai ya fitar da reshe. Kullum da safe sai na ga ya ƙaru, in faranti ya bushe kuma babu komai, sumul, ko a hasken rana ka juya shi.

Yau ya cika. Hannu ne. Tafi, da babban yatsa, da dogaye biyu, da gundul biyu a ƙarshe.

Ba sai na gaya maka ko wa injin jan taru ya cinye wa yatsu biyu na hannun hagu ba.

Da rana tsaka nake rubuta maka, tagogi a buɗe, yara na wasa a waje, amma bayana na jingine da bango. Ka gaya mini gaskiya. Ka dafa shi da hannunka kafin a gasa? Ka lanƙwashe yatsu kana tuna Baba? In haka ne ba zan zage ka ba, na rantse, zan ma ji daɗi.

Kaka ba ta gani ba. Idonta bai kai ba daga shimfiɗa, ni kuma tsakani nake zama. Tsorona shi ne in ta gani ta ce ya miƙo hannu ne ta taho. Mace ce da ta riga ta sa ƙafa ɗaya a jirgi. In na ɓoye kuma, yunwa za ta ɗauke ta. Ni kaɗai ce a nan da wannan abin. Ka ce wani abu.

Kinue


Kawasaki, Nuwamba

Yaya Kinue,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Kaka. Sannu da ɗawainiya. Ni lafiyata ƙalau, sai dai abinci ba ya shiga sosai.

Ban yi shiru ba. Akwai takardata a Sakata, inda jirgin wasiƙu ke tashi, tana jiran teku ta kwanta. Wayar ma na buga. Mutumin ofis ya ɗauka, na maƙale a farkon sunanki, ya ce, "Wane ɗan iska ne ke hura mini iska a kunne?" ya ajiye. Na sake bugawa, ya sake ajiyewa. Na nemi izinin tahowa, Maigida ya ce, "Je ka, amma a bakin ruwa za ka zauna kana kallon tsibirin kamar yadda kake kallon tagata." Gaskiyarsa ne. Da zarar jirgi ya fara tafiya sosai zan taho.

Ban taɓa farantin da fata ba. Safar hannu biyu na sa. Kuma na gaya miki na kara shi a butar shayi, fuskarsa duka ta zubar da ruwa, babu tabo ko kamar ƙwayar gero.

Na kai maganar wurin Injiniya Mizuno, wanda ya haɗa maganin shafin. Mutum ne mai sauraro, bai taɓa ƙarasa mini kalma ba. Ya tambaya ko akwai wanda ya daɗe yana dafa wuri ɗaya. Sai na tuna. In Baba ya gama gogewa yakan ɗora tafinsa na hagu a tsakiya ya ji ko ya bushe, don na dama yana riƙe da gefe. Injiniya ya ce to shi ke nan. Tagulla ƙarfe biyu ne aka haɗa. Zufa da gishirin hannun masunci, shekara da shekaru, sukan tsotse ɗaya su bar ɗaya. Ido ba ya gani, gogewa ba ta kaiwa, amma shafi ba ya riƙe wurin da kyau, nan ne zai fara saki. Ya ce yana ganin irin haka a bututun da aka yi sakaci da su. Ya ce, "Ka kwantar da hankalin yayarka. Hannun mahaifinku ne da gaske, amma tun yana raye ya ajiye shi."

Na yarda da shi, ya san aikinsa. Abu ɗaya kawai nake so ki duba mini. In kin tsaya gaban akwatin, taga tana damarki, ƙofar kicin tana hagunki. Babban yatsan ina yake kallo? Na ɗora hannuna na hagu a gilashin tukunyarmu na duba, dama yake kallo. Wato taga ya kamata ya kalla. Ki duba kawai ki gaya mini.

Maganar Kaka kuma, na kwana da ita na tashi da ita. Ki nuna mata. Ta ce farantin yana korar jiƙaƙƙe, to ga wurin da ruwa ya samu zama. Wataƙila ta ce kira ne. Wataƙila ta ce isowa ce. Ban sani ba. Amma hanyar da take kai yanzu mun san inda ta nufa, kuma ɗanta ne kafin ya zama ubanmu. Ba mu da ikon tsayawa tsakani.

Ina yaro nakan gwada tafina da nasa, in taɓa gundul ɗin nan ina dariya. Yakan ce, "Ci abinci, wata rana za ka kamo ni." Yau duk na kasa fitar da wannan daga kaina.

Genta


Tobishima, Disamba

Genta,

Gaisuwa. Ka zauna kafin ka karanta.

Takardunka biyu tare suka iso. Na fara da ta farko, na karanta wa Kaka batun kofuna da zufa. Ta saurara ido a rufe, sannan ta ce, "Iwao a goshi yake zufa, ba a ido ba. Ki ce wa yaron ya iya magana a takarda." Ta juya wa bango fuska.

Ta biyun ni kaɗai na karanta. Da safe na zuba shinkafa na jira hannun ya fito.

Ƙofar kicin yake kallo.

Na ɗaga hannuna na hagu a gabansa, na juya shi ta nan, na juya ta can, bai dace ba. Ba ya dacewa sai in mutum yana bayan farantin ya dafo shi daga ciki, yadda ake dafa gilashin taga in ana leƙen ɗaki. Na leƙa bayan, Genta. Katako ne kawai da 'yar ƙura. Ka san abin da kake tambaya, shi ya sa ba ka ƙarasa ba. Kullum haka kake, ka ajiye wa mutum dutse a hannu ka tafi.

Na ja da baya. Sai na ce a raina, ko daga ina ya dafo, Baba ne, bai taɓa ɗaga mana hannun nan da mugunta ba. Na sake zubo mai zafi, na ɗauki Kaka, ba ta fi nauyin kwandon ciyawar teku ba, na zaunar da ita daf da akwatin, na riƙe ta ta baya.

Hawayen suka fara. Ta ce, "Me kika kawo ni in gani?" Na ce ta jira. Tsakiyar ta fara dushewa, yatsa bayan yatsa. Na ji numfashinta ya tsaya a ƙirjina, na ce shi ke nan, na kashe ta.

Sai ta ɗaga hannunta na dama ta ɗora a kai. Ya dace, babban yatsa a kan babban yatsa, kamar masu gaisawa ta gilashi. Ta ce da muryar da take masa magana in ya dawo da asuba, "Sannu da zuwa. Dubi yadda ka jiƙe." Ta ƙara danna tafinta. "Da ɗuminsa," in ji ta. Na ce, "Tururi ne, Kaka." Ta ce, "Wa ya tambaye ki?"

Ta janye hannu muka jira. Gefe da gefe ruwa na gudu, tafin nan kuwa yana nan a dushe. A hankali ya washe, yadda farantin duka yake yi da. Ta ce, "Ya ci. Ba ni kwanon."

Ta ci, Genta. Loma kaɗan, amma ta ci, har ta ce shinkafar ta yi tauri, ban iya girki ba tun ina yarinya. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Yanzu kunun shinkafa nake mata yadda malamar asibiti ta ce, jiya har ta nemi tsamin kabeji.

Ta ba ni saƙo. Ta ce kada ka kuskura ka ƙone shafin, kada kuma ka gyara inda ya saki. Ta ce shekara biyu faranti yana dushewa gaba ɗaya ba ta san ko wa ke ci ba, ko ɗanta yana samun hanya ko kakanmu da uwarmu ne kawai. Yanzu ta sani. Ta ce, "Na faɗa tun farko yaron nan yana da amfani."

Saura abu ɗaya. Ranar farko da ta janye hannunta na ga ta kai tafin baki ta lasa. Ta gyaɗa kai. Washegari da ta yi barci na rana na sake zuba mai zafi, na dangwali ruwan da ya gangaro ƙasa na ɗanɗana. Salam, ba komai. Na dangwali na cikin tafin.

Kai ka rubuto mini cewa tururi ba ya ɗaukar gishiri ko ƙwaya ɗaya.

Yayarka,
Kinue


Kawasaki, Disamba

Yaya Kinue,

Ina gaishe ku da kyau. Ki ce wa Kaka na ji saƙonta, ta ƙara loma don ni. Ni ma abinci ya fara shiga.

Na gaya wa Injiniya Mizuno batun gishirin. Ya ce iskar tsibiri ce, ko tsohuwar zufa da ta ɓuya cikin ƙarfe, yanzu da shafi ya saki take fitowa. Yana iya yiwuwa. Batun babban yatsan kuwa ya ɗaga hannunsa na hagu ya jujjuya shi a iska, ya daɗe, sannan ya tambaya ko kin tabbata da hagu da dama. Na ce yayata ce ta koya mini su. Ya ce in kawo farantin ya duba, zai sake mini shafin da ba zai saki ba. Na gode masa na ce a'a. Wannan kalmar ba ta maƙale mini ba.

Maigida ya ba ni hutun sabuwar shekara. An ce teku takan ɗan kwanta kafin ƙarshen wata, zan jira a Sakata ko kwana nawa ne. Kada ki zo taryata, sanyi ya yi yawa.

Ki ƙara shinkafa a tukunya ranar da na iso, ki bar ta da zafi sosai. Kada ki goge farantin. Aikin nan ya buɗa mini tafi, ina so in gani ko na kamo shi.

Ƙanenki,
Genta